Ku Tambaya Mu Amsa: Wai don me masu gadin daji suke cinna masa wuta da hannunsu?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun ranar da na ambata a wannan fili cewa har yanzu akwai sauran giwaye da zakuna a dajin Yankari na jihar Bauchi saƙonni suke ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, wasu tambaya, wasu kuma faɗa ne tsagwaronsa aka lulluɓe shi da sallama. Na tsamo guda shida, na ɗan rage wa wasu tsawo amma ban sauya maganar kowa ba.

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce a Kano ajin ƙarshe a sakandare. A watan Disamba aka kai mu yawon buɗe ido Yankari, tun daga get har muka kusa maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki ko'ina baƙi ƙirin an ƙone ciyawa wani wajen ma hayaƙi bai gama tashi ba, na tambayi wanda yake zagayawa damu yace ai ma'aikatan ne da kansu suka saka wutar. Abin ya ɗaure min kai wallahi, a aji ana koya mana ƙona daji yana jawo hamada sai gashi masu tsaron dajin suna yi. Dan Allah a warware min.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Malaminku bai yi ƙarya ba, shi ma wanda ya zagaya daku bai yi ba. Wutar daji kala biyu ce kuma abinda ya raba su shine watan da aka kunna ta.

Ki fara gane irin dajin tukuna. Yankari ba kurmi bane irin na Kuros Riba inda rana bata taɓa ƙasa, daji ne na doguwar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, ruwan da yake samu a shekara bai fi milimita 900 zuwa 1,000 ba kuma duk cikin 'yan watanni yake zuba, daga Mayu zuwa Satumba, to a wannan tsakanin gamba da kyasuwa da 'yan uwansu suke tashi har su shanye mutum yana tsaye, ɓauna ma in ta kutsa ciki sai dai ki ga ciyawa tana motsi. Ruwa yana ɗaukewa duk wannan ya bushe ƙayau. Ki ƙiyasta fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 shimfiɗe da busasshiyar ciyawa, ai rumbun ashana kenan. Kuma sai ta ci wuta ko ana so ko ba a so, in ma'aikaci bai saka ba maharbi zai saka don ya riƙa hango nama, ko mai ɗiban zuma ya gama ya yar da bakin wutarsa a gindin bishiya, ko yara 'yan farautar gafiya a bakin iyaka, ko makiyayi mai neman sabon toho. Tunda dai tana tafe, gara ka riga ta.

Wadda kika gani ta Disamba ita ce ta fari. A lokacin ciyawa da sauran danshi a gindinta, don haka wutar a hankali take tafiya, ta ci nan ta tsallake can, dare yana yi raɓa ta sauko sai ta mutu da kanta. Na taɓa tsayawa da la'asar sakaliya ina kallon yadda suke yi, mutum ɗaya ya cinna wa dunƙulen ciyawa wuta yana jan ta a gefen hanya, biyu suna biye da shi da ɗanyun rassa suna bugun duk harshen da ya nemi tsallaka hanyar, sama kuwa shirwa ce ta cika tana shawagi cikin hayaƙi tana cafke farar da wutar ta taso, ita ranar sallarta ce. Bayan kamar kwana goma na sake bi ta wurin, ba ɗigon ruwan sama ko ɗaya, amma ga tsanwan toho ya ɓullo ta cikin toka saboda saiwar gamba bata mutu ba, ga kanki da gwanki sun fito fili suna kiwo, ga mugun dawa ya durƙusa a gwiwoyinsa yana ci kamar mai neman gafara.

Muguwar ita ce ta Maris da Afrilu, lokacin da komai ya bushe ga zafi ga iska. Wannan bata san raɓa ba, tana iya kwana da kwanaki tana ci, tana hawa har ƙololuwar bishiya, ta kashe ƙananan itatuwan da ya kamata su gaji manya, ta cinye kunkuru da hawainiya da duk abinda ba shi da gudu, ta bar ƙasa tsirara sai ruwan fari ya zo ya kwashe ta ya zuba a kogi. In an riga an ƙone wurare jefi-jefi tun Nuwamba to tana isowa inda aka ƙone sai ta rasa abin ci ta tsaya. Kinga kenan da wuta ake yi wa wuta shinge.

Akwai kuma abinda ba kasafai ake faɗa a aji ba, shi irin wannan daji da wuta ya girma. Ki duba ɓawon kaɗanya in kin sake zuwa, kauri gare shi kamar fatar kada, sulke ne. In aka hana wuta gaba ɗaya shekara da shekaru sai sarƙaƙiya ta rufe ko'ina ciyawa ta rasa rana, masu cin ciyawa su rasa abinci, zaki kuma dasu yake rayuwa. Amma fa kar ki ɗauka ina cewa duk wutar da ma'aikaci ya kunna daidai ce. In aka maida shi al'ada ana ƙone wuri ɗaya kowace shekara don kawai baƙi su hango dabbobi daga mota shi ma ɓarna ne, kamata ya yi a riƙa juyawa, bana nan baɗi can, a bar wasu wuraren da ciyawarsu don maɓoya, sannan kurmin da yake bin gaɓar kogin Gaji ko kusa kar wuta ta je, nan kowa yake fakewa da bazara. Maganar malaminku kuwa tana nan daram a kan gona da makiyaya a irin ƙasarku ta Kano, inda ciyawar ma bata isa ba balle a ƙona.

Tambaya: Malam ni Bafulatani ne, mahaifina makiyayi ne nima da sanda na tashi kafin na shiga boko. Da rani shanunmu suna ramewa har sai an ɗaga saniya da hannu, ga ciyawa can cikin gandun daji ana ƙonawa a banza, in ka shiga a kama ka a ci ka tara. Burtalin da kakanninmu suke bi duk an nome. Shin ɓauna ba saniya bace? me zai hana su ci tare.

Amsa: Kai Bafillace, kakata ta wajen uwa Babarbariya ce don haka ka san matsayinka a wurina, amma yau na ajiye wasa don maganarka tana da nauyi.

Rabin abinda ka faɗa gaskiya ne kuma bazan yi maka kwana-kwana ba. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, a takarda akwai fiye da 400 a ƙasar nan, amma akasarinsu ba a ma kammala shigar dasu doka ba, da yawa sun zama gonaki da unguwanni, burtali kuma wani wajen ya tsuke har saniya biyu basa jerawa. To mutumin da aka toshe wa ko'ina ya hango kore a gandun daji me kake tsammani.

Amma ɓauna da saniya su ci tare, a nan muka rabu. Ba garkenku kaɗai bane fa, ranar da aka ce an buɗe to daga Filato da Gombe da Taraba har daga ƙetare za a kwararo, dubbai, kuma duk wuri ɗaya zasu nufa, bakin Gaji, don da rani nan ruwa yake. Saniya tana zuwa da mutum da kare da hayaniya, gwanki kuwa ko warin mutum ya ji ya bar wurin kenan, sai ya zama mai gida ne yake kwana da ƙishirwa. Ga kuma cuta. Tambayi Baffa labarin bushiya ta 1983, na tabbata sai ya girgiza kai kafin ya amsa, ta kashe shanu ba adadi a Arewa kuma bata tsaya a rugage ba ta shiga Yankari ta kashe ɓauna da mugun dawa da gwambaza. An samu an kawar da bushiya daga duniya, a 2011 aka sanar, amma boru da sammore da cututtukan kaska suna nan, naku su ba na daji, na daji su ba naku. Tsando kuwa kai ka fi ni sanin abinda yake yi wa saniya.

Wanda ya fi ci min rai shine wannan. Zaki ya ga garke a gidansa, saniya bata gudu kamar kanki, ya kama ɗaya. Mai saniya ransa ya ɓaci ya samo maganin ƙwari na gona ya barbaɗa a mushen ya tafi. Zakin ya dawo cin saura ya mutu, zakanya ta mutu, kura ta zo ta mutu, dila ya mutu, da safe ungulu su sauko su ashirin su talatin duk su zube a wurin. Saniya ɗaya fa. Yaushe rabonka da ganin ungulu a kwata? Mu da muna yara har jifansu muke, yanzu tun 2015 an saka irin ungulun nan tamu ta gari cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa a duniya, guba da masu sayen kanta don tsubbu sun kusa gamawa da ita. Sai kuma sarar rassan kawo da maɗaci da maɗobiya da ake yi wa shanu in ciyawa ta ƙare, bishiyar da ake yi wa aski kowace shekara yaushe zata yi 'ya'ya.

Ni dai a ganina kamu da tara kaɗai ba zasu yi ba, an shekara nawa ana yi. Ciyawar da za a ƙona a bakin iyaka me zai hana a ba mutanen kewaye izini su yanka da lauje su ɗaure su fitar, saniya tana waje ciyawa ta same ta. A haƙa musu ruwa a waje, a kawo allurar rigakafi, a zauna da arɗo kafin rani ba sai bayan an yi kamu ba. A Gashaka Gumti ta Taraba da Adamawa ai akwai wurare a kan tsaunuka cikin gandun da aka amince makiyaya su zauna, da nasa rigingimun, amma dai ya nuna ba dole sai da bakin bindiga ake magana ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe ni manomi ne, ƙauyenmu yana bakin gandun daji. Bara da kaka saura kwana kaɗan in yanke dawa giwaye suka shigo da dare, kafin asuba gonar da nake samun dami arba'in ta zama fili kamar an yi wasan ƙwallo, abinda basu ci ba sun tattake. Ina da mata biyu da 'ya'ya tara. Ku 'yan birni kuna ta cewa a kare giwa a kare giwa, to ni wa zai kare ni? Shin giwa ta fi mutum daraja ne?

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri Baba, ya sanyaya maka zuciya. Giwa bata fi mutum daraja ba, kuma duk mai kare daji da ya kasa kallon idonka ya faɗi haka bai san aikinsa ba. Mu a hoto muke ganinta, kai a gonarka.

Bari in gaya maka abinda yake faruwa ta ɓangarenta, ba don in wanke ta ba. Babbar giwa tana cin abinda ya kai kilo 150 a rana, wato buhu ɗaya da rabi, ta sha ruwa fiye da lita 100, kuma bata mantuwa, hanyar da kakarta ta bi da ita tana ƙarama ita take bi ko da an yi gona a kai yanzu. Da damina ruwa ya wadata ko'ina sai su bar bakin kogi su bazu har iyaka, kuma daidai lokacin da ciyawar daji ta tsufa ta yi tauri lokacin dawa da masara suke nuna suna ƙamshi. Wa zai ci ƙanzo ga tuwo da miya a gefe. Yawansu kuwa, duk Najeriya basu wuce 300 zuwa 400 ba, ɗaya daga manyan garken na Yankari ne, tsakanin 100 zuwa 150, alhali a ƙidayar jirgin sama ta 2006 an ga kusan 350. Masu neman haure suka yi wannan aika-aika, ita kuma wata 22 take ɗauke da ciki ta haifi ɗa ɗaya tak.

A Yankari tun 2014 gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS kan tsaron dajin, cikin abinda suka yi har da ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai na'ura da yake nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, tunda garke tare yake tafiya in ka san inda ɗaya take ka san inda saura suke, in sun doshi iyaka sai a buga waya. Sun kuma ɗauki mutane a ƙauyukan kewaye aikinsu kenan lura da giwa da sanar da jama'a. Sai dabarun gona. Giwa duk girmanta tana tsoron ƙudan zuma don yana shiga mata hanci da gefen ido, a Kenya aka fara jera amya a kewayen gona a haɗa su da waya, tana taɓa wayar amya ta girgiza zuma ta tashi, ga kuma zuma ka samu ta sayarwa. Barkono ma haka, a kwaɓa dakakkensa da kashin shanu a busar kamar tubali a riƙa turarawa da dare ta inda iska take kaɗawa, a haɗa da ɗan dandamalin gadi a kan bishiya da tocila mai ƙarfi da gwangwani. Bazan ce maka ɗayansu yana yi ɗari bisa ɗari ba, tana da wayo tana gane abinda ba ya cutarwa sai ana sauyawa, kuma gona ɗaya bata iyawa sai gari ya haɗa kai. Abu ɗaya dai nake roƙonka, kar ka tare ta da dare kai kaɗai kana jifa, musamman mai ɗa, ta fi ka gudu nesa ba kusa ba, an rasa rayuka a haka.

Diyya kuwa ina cikin masu cewa haƙƙi ne. In ƙasa ta ce giwa dukiyar kowa ce to bai kamata mutum ɗaya ya riƙa ciyar da ita daga rumbunsa ba. Ku rubuta asarar da rana da yawan dami, ku ɗauki hoto da waya, ku kai ta hannun mai unguwa da hakimi a rubuce, ku ajiye kwafi. Kuma in ka ga giginya ko aduwa ta tsiro a jeji inda ba wanda ya shuka, sau da yawa a cikin kashin giwa ƙwallon ya zo. Wannan ba zai cika maka rumbu ba na sani, na dai faɗa ne.

Tambaya: Daga Kaduna. Me zai hana a zagaye dajin da waya kowa ya huta? Kuma wai Yankari ta tarayya ce ko ta jiha?

Amsa: Ta jiha ce yanzu. A 1956 aka keɓe ta, 1962 aka buɗe wa baƙi, 1991 tarayya ta karɓa, 2006 aka mayar wa Bauchi. Na tarayya su ne irinsu Kainji da Gashaka Gumti da Kamuku ta nan jiharku.

Waya kuwa, ɗauki biro. Ko da dajin murabba'i ne cif kewayensa ya kusa kilomita 190, ya fi Kano zuwa Zariya. Wayar da zata tsare giwa sai mai lantarki, sai an bi ta kullum ana share ciyawa ana gyara in ba haka ba ta turo bishiya ta kwantar a kai ta wuce, abin haushin kuma wayar da aka sace daga shinge ita ce take komawa tarko. Aikin na ƙafa ne, mutum shida bakwai su goya gari da ruwa da bindiga su yi mako suna sintiri a ƙasa, suna kwance tarko suna bin sawun babur da hayaƙin masu banda, wani lokaci su yi arba da maharban da suka fi su makami, kuma an kashe wasunsu a bakin aiki. Da kuɗin shingen a hannuna yake alawus ɗin waɗannan zan biya kan lokaci, in saya musu takalmi da man mota, in tabbatar wanda suka kama ya je gaban alƙali. Inda ƙafar ma'aikaci ta daina zuwa wani ne yake tarewa, mutanen Birnin Gwari basa buƙatar in yi musu bayanin abinda Kamuku ta zama.

Tambaya: Malam daga Maraɗi nake. Kakana yana ba mu labarin da a nan ƙasar ana ganin jimina da barewa, yanzu ko zomo sai an sha wuya. Dabba in ta ƙare tana dawowa kuwa ko dai ɓarnar kuɗi ake?

Amsa: In da saura ko kaɗan ne tana dawowa ɗan'uwa, hujjar ma tana ƙasarku. Raƙuman dawan Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, a 1996 guda 49 suka rage a duk Afirka ta Yamma, daga baya suka haura 600. Abin mamakin ba a cikin gandu suke ba, cikin gonakin Zabarmawa suke yawo suna cin ganyen gawo har wake suna ɗan sata, aka hana harbi aka sa mutanen wurin cikin rakiyar baƙi, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji ta jiharku. A Chadi ma giwayen gandun dajin Zakuma sun faɗo daga wajen 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010, a shekarar aka ba ƙungiyar kula da gandayen daji ta African Parks riƙon wurin aka gyara sintiri, ba a sama aka samu ba don a 2012 an kashe ma'aikata a sansaninsu na wani wuri da ake kira Heban suna sallar asuba, amma garken ya koma haihuwa.

Inda hankalina yake tashi shine gandun W da kuka haɗa da Benin da Burkina Faso. Binciken 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma wajen 400 ne kacal, kusan kashi 90 cikin ɗari suna W da maƙwabtansa, Arli ta Burkina Faso da Penjari ta Benin, ragowar a Senegal da Kainji da Yankari. Yanzu 'yan bindiga sun shiga yankin, Kure ma tun harin da aka kai wa baƙi a 2020 suka ɗauke ƙafa.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Gombe, na kai iyalina Yankari kwana biyu a watan Agusta bamu ga zaki ba bamu ga giwa ba sai birai. Anya akwai su kuwa?

Amsa: Alhaji ai lokacin ka kuskure. Agusta ciyawa ta rufe ko'ina ruwa kuma yana kowane kududdufi, ba abinda zai kawo dabba bakin hanya. Ka koma tsakanin Fabrairu da Afrilu, ku fita da sassafe ko da la'asar ku bi bakin Gaji, gwambaza da mazo da ɓauna zaka gani in sha Allahu, giwa kuma sai dace. Zaki kar in yi maka alkawari, 'yan kaɗan ne kuma da rana kwance suke, ma'aikatan ma sun fi ganin sawunsa da hotonsa a kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya. Ba gidan zu bane. In ma baka dace ba ga Wikki nan, ruwa garai-garai mai ɗumin digiri 31 dare da rana rani da damina, wajen lita miliyan 21 yake ɓuɓɓugowa kullum ya gangara Gaji.

Biran kuwa na san su farin sani. Na fito daga wanka na zauna a bakin ɗaki na buɗe ledar burodi da kifin gwangwani, wani ƙaton gwaggon biri ya zo ya zauna nesa kaɗan yana sosa ciki yana kallon wani wajen kamar ba ruwansa, na juya in ɗauko wuƙa a jaka, juyowar da zan yi sai na hango shi a kan rufi da burodin a hammata. Laifinmu ne mu baƙi, mu muka koya musu da miƙa musu biskit don a ɗauki hoto, biri kuwa in ya saba da abincin hannu ya daina tsoro kenan ƙarshenta ya ciji yaro. Ka gaya wa yara kar su ba su komai, ku rufe gilashin mota da tagar ɗaki, Hajiya kuma ta riƙe jakarta da kyau don sun iya buɗe zif.